Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Lafiya Da Shugabannin Asibitoci Kan Masu Ciwon Fitsari

Masu girma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne a matsayin ɗan majiyyaci. Ni ba likita ba ne, ban taɓa sa farar riga ba. Ɗan abin da na sani game da mafitsara da ƙoda a bakin gado na koye shi, cikin wata goma sha huɗu da na yi ina jinyar mahaifina, ina damun likitoci da ma'aikatan jinya da tambaya, ina karanta duk takardar da ta faɗo hannuna. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin naku ne, amma mu muka kwana a ciki, don haka ku yi haƙuri ku saurara.

Wajen ƙarfe biyu na dare Baba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mutum ne ɗan shekara 71 wanda tun tasowata ban taɓa jin nishinsa ba. Na buɗe na same shi dafe da bango, gumi na ɗiga daga gemunsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Fitsari ya ƙi." Ashe tun yamma yake zarya tsakanin ɗakinsa da ban ɗaki bai gaya wa kowa ba, har sai da mararsa ta taso ta yi tauri kamar fatar ganga.

A asibitin farko, nas ɗin da ke bakin aiki ta duba kabad, ta dawo ta ce robar fitsari ta ƙare. A na biyu akwai roba, sai dai wanda ya saba sakawa ya tashi aiki. Wani matashin ma'aikaci ya ce zai gwada. Ya tura sau biyu, robar ta cije a hanya, ya ƙara ƙarfi, sai ga jini. Har yau ban ga laifinsa ba, domin shi ma gumi yake yi, kuma da gani babu wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya koya masa. Sai gab da asuba, a asibiti na uku, muka dace da wata likita. Ta matsa man santsi mai kashe zafi a hanyar, ta jira 'yan mintuna, ta ɗauko wata roba mai ɗan lanƙwasa a kai, ta ce, "Baba, ja numfashi a hankali." Aikin bai kai minti biyar ba. Fiye da lita ɗaya ta fita, alhali mafitsarar babban mutum tun tana da kamar rabin lita take neman a juye ta. Kafin jakar ta cika Baba ya yi barci.

Da gari ya waye likitar ta jawo kujera ta shiga yi masa tambayoyi. Sau nawa kake tashi fitsari da dare? Sai ka yi yunƙuri kafin ya fito? Yana tsinkewa ya dawo? In ka gama kana jin akwai saura? Baba ya juya fuska bango yana amsawa ƙasa-ƙasa. Shekara huɗu ke nan yana tashi sau biyar ko shida kowane dare. Ya daina doguwar tafiya, ya rage shan ruwa da kansa, mu kuwa muna cewa tsufa ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon shekarun nan bai taɓa fashin zuwa asibiti a duba hawan jininsa ba. Kowane wata a ɗaura masa abin awo a hannu, a rubuta magani, a sallame shi. Ba a samu mutum ɗaya da ya ce, "Baba, yaya fitsari?" ba.

Saboda wannan tambaya na ɗauki alƙalami.

Na san za a ce ai majiyyaci ne ya kamata ya faɗi damuwarsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka ne. Amma ciwon da ya faɗa tsakanin cibi da gwiwa ba irin ciwon kai ba ne. Dattijo zai yi rabin awa yana kwatanta ciwon bayansa a gaban jikokinsa, amma ba zai buɗi baki a ɗakin da ƙofarsa ke wangale, mutum goma na leƙe, ya ce wandonsa na jiƙewa ba. Babu dokar da za ku kafa ta cire wa mutane kunya. Abin da ke hannunku shi ne ku sa ma'aikacin lafiya ya zama shi ne zai fara taɓo maganar, ku kuma ba shi ɗakin da ake iya rufewa. Likitocin wannan fanni suna da wata takarda mai tambayoyi bakwai, da ta takwas kan yadda abin ke dagula wa mutum rayuwa, ana aiki da ita a faɗin duniya tun farkon shekarun 1990. Ba ta cin wuta, ba ta lalacewa. A fassara ta cikin harshen da majiyyaci ke ji, a ajiye ta a teburin duk wanda ke duba masu ciwon suga da hawan jini, tunda nan ne dattawa ke zuwa da ƙafarsu.

Abin da ya kama Baba ba baƙon ciwo ba ne. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira furostet, nauyinta kamar giram 20 a jikin matashi, hanyar fitsari kuma ta tsakiyarta ta ratsa. In shekaru suka ja sai ta fara girma ta matse hanyar, kamar wanda ya taka tiyo da ƙafa. Kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da wannan kumburi, a waɗanda suka haura 80 kuwa abin kan kai 8 ko 9 cikin 10, ko da yake ba kowa yake wahalarwa ba. Ba kansa ba ce, kuma magani na nan. Akwai ƙwaya irin tamsulosin da ke sassauta matsewar cikin 'yan kwanaki, akwai finasteride da ke rage girman tsokar sannu a hankali, sai an yi kamar wata shida ana sha kafin a ga amfaninta. In waɗannan suka gaza, akwai tiyatar da ake bi ta hanyar fitsarin da siririn ƙarfe mai fitila, a kankare abin da ya tare ba tare da an tsaga ciki ba. Da an yi wa Baba tambayar nan shekara huɗu baya, da wataƙila ba mu ga wancan daren ba.

Da ma a ce a daren abin ya tsaya. Gwajin jini ya nuna aikin ƙodarsa ya ragu, hoton ciki kuma ya nuna duka biyun sun kumbura. Likitar ta zana mana a bayan takardar magani: mafitsarar da ba ta juyewa duka tana tara fitsari, matsin ya riƙa komawa sama ta bututu biyun da ke saukowa daga ƙoda, ya yi ta danne naman ƙodar har ya sirance, mutum bai ji zafin komai ba. Da aka buɗe hanya wani kaso na aikin ya dawo, wani kuwa ya tafi ke nan. Ku da kuke riƙe da kasafi kun fi ni sanin abin da wankin ƙoda ke ci, sau biyu ko uku a mako har iya rai. Ku ɗora shi a sikeli, a ɗaya gefen ku ɗora robar fitsari, da gwajin jini guda, da ɗan injin hoton da ake gogawa a mara a ga abin da ya rage bayan mutum ya yi fitsari.

Sai maganar robar kanta, wadda a nan ne raina ya fi ɓaci. Wani likita ɗan Amurka, Frederic Foley, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake amfani da ita yau tun shekarun 1930, mai ɗan balan-balan a kai da ake cika wa ruwa don kada ta zame. An yi ta ne don ta tsallakar da mutum daga gaggawa zuwa magani, amma a wurare da yawa ta koma ita ce maganin. Sai ka ji dangi na cewa, "Ai an saka masa roba," kamar an gama. Baba ya yi wata goma sha huɗu da ita yana jiran layin tiyata. Ya koyi ɗaure jakar a ƙauri ƙarƙashin wando. Ya koyi zaɓar wurin zama inda iska ba za ta kai wari ga jama'a ba. Daga baya ya daina fita ɗungurungum, mutumin da a da ba ya iya wuni a gida. Ranar da aka sallame mu babu wanda ya ce mana ga ranar canji. Robar farko ta yi wata uku, da aka zo cirewa kanta ya yi ɓawo kamar tsakuwa, Baba ya cije hannun rigarsa, ni kuma na kau da kai. Sau uku zazzaɓi mai rawar sanyi yana kwantar da shi.

A tsaye a baranda, daga bakin wani tsohon nas da ya tausaya mana, na ji abin da ya kamata a gaya mana tun ranar farko. Jaka ba ta hawa sama da mara, don kada fitsari ya koma. Roba ta yau da kullum ba ta wuce kamar mako huɗu, ta silikon kan kai mako goma sha biyu. Kowace rana da roba ta ƙara a jiki ƙwayoyin cuta na ƙara samun hanya, kafin wata guda kusan kowa ya kwasa. Mutane da yawa ma ba sa bukatar su daɗe da ita: a fara musu ƙwaya, bayan 'yan kwanaki a cire a gwada, sau da dama fitsari kan fito da kansa. Shi Baba saboda halin ƙodarsa ba a iya yi masa haka ba, amma na zauna a benci ɗaya da mutanen da suka shekara da roba ba a taɓa gwada musu ba. Akwai kuma dabarar da likita Jack Lapides ya fito da ita a 1972, inda ake koya wa majiyyaci ya riƙa saka siririyar roba mai tsabta da kansa, ya juye mafitsara ya cire, ya yi harkarsa ba jaka. Sama da shekara hamsin da wannan, ban ga an yi wa ko mutum ɗaya tayinta ba.

Roƙona a nan ƙarami ne. Kada a sallami kowa da roba sai da kati mai ɗauke da ranar sakawa, ranar canji, da ranar da likita zai yanke shawarar abin da zai maye gurbinta. Kowane asibiti kuma ya buɗe rajistar masu yawo da roba. Ina da yaƙinin ranar da kuka ga tsawon wannan rajista, ba sai wani ya rubuto muku wasiƙa ba.

Ban manta cewa likitocin mafitsara ba su da yawa ba. Wanda ya yi wa Baba aiki shi kaɗai ne a sashensa, yakan fara ganin mutane da safe ya kai yamma bai miƙe ba. Sau uku ana ɗage mana rana, sau ɗaya don fitilar na'ura ta mutu, sau ɗaya don babu mai allurar barci, na ukun ban ma san dalili ba. Shi da kansa ya fito ya ba Baba haƙuri, idonsa ja wur don rashin barci. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya kiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai aminci a lokacin da suke bukata, ya kuma ba da shawarar a samu aƙalla ƙwararru 20 na tiyata da allurar barci da karɓar haihuwa ga kowane mutum 100,000. Horar da ƙwararre ɗaya na cin shekaru. Shi ya sa nake cewa kafin su yawaita, a sauke musu nauyin da ba nasu ba. Saka roba, canza ta, gwajin fitsari, fara maganin kumburin furostet, duk waɗannan likitan asibitin farko da nas mai horo za su iya. Sai a bar wa ƙwararre abin da sai shi.

A wannan layin jira na ga wani yaro ɗan shekara 14 da har yanzu nake tunawa. Mahaifiyarsa ce ta ba ni labari, tana magana tana murza gefen jakarta. Ciwo ya tashe shi cikin dare har da amai. Kunya ta sa ya ce mata cikinsa ne ke ciwo. A asibiti aka danna cikin, aka yi masa allurar kashe zafi, aka ce su koma gida. Babu wanda ya ce ya sauke wando. Bayan kwana biyu aka gane ɗaya daga cikin marainansa ne ya murɗe a kan igiyar da ke kai masa jini, ya riga ya mutu, sai cirewa aka yi. Wannan murɗewa ta fi kama samari 'yan tsakanin 12 da 18, kuma lokacinta gajere ne: in an buɗe an warware cikin awa shida, yawanci ana ceto shi, in aka kwana aka wuni kuwa sai dai haƙuri. Aikin ba ya bukatar likitan mafitsara, duk likitan tiyata zai iya. Abin da yake bukata shi ne ƙa'ida a rubuce a bangon kowane sashen gaggawa, cewa yaro namiji da ya zo da ciwon mara ko amai ba a sallamarsa sai an duba marainansa.

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida a ƙara wasu biyu. Mai ciwon sikila da gabansa ya miƙe da zafi ya ƙi kwanciya har awa huɗu, gaggawa ce, jinkiri na iya kashe masa mazakuta har abada. Mai tsakuwar ƙoda kuma da zazzaɓi ya haɗu masa da ciwon, ba allurar kashe zafi yake bukata kawai ba, ƙodar ce ta toshe da ruɓaɓɓen fitsari, sai an buɗe mata hanya a ranar, ko da siririn bututu ta ciki ko ta baya. Ita tsakuwar a karan kanta, in ba ta kai milimita 5 ba yawanci takan fita da kanta, sai dai kusan rabin waɗanda suka yi ta sau ɗaya takan dawo musu cikin shekara goma. Babban rigakafinta shan ruwa ne har fitsarin yini ya kai kamar lita biyu da rabi, maganar da ba ta wuce daƙiƙa goma a faɗa ba, amma sau nawa ake faɗar?

Jini a fitsari ma haka. Babban mutum ya ga ja sau ɗaya, babu zafi, washegari ya washe, sai ya ce an wuce wurin. In ya je asibiti a ba shi maganin ƙwayoyin cuta ba tare da an gwada komai ba. Alhali fitsarin jini marar zafi shi ne alamar farko ta kansar mafitsara, wadda shan taba ke haddasa kusan rabinta. Na'urar leƙa cikin mafitsara ba sabuwa ba ce, tun 1879 Bajamushe Max Nitze ya nuna tasa. A inda kuma mutane ke shiga ruwan tafki da fadama akwai tsargiya, tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, wadda ke zuba ƙwai a bangon mafitsara shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 sama da mutum miliyan 250 ne ke bukatar maganinta, kuma tun 1994 cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sa irin da ke kama mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Maganinta praziquantel ne, ana sha sau ɗaya gwargwadon nauyin jiki. Yaron da aka ba shi a aji yau, an rage mutum ɗaya ke nan a layin tiyata na shekara talatin masu zuwa.

Kada a ɗauka wannan fanni na maza ne kawai. Hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa kusan 20, shi ya sa kusan rabin mata kan gamu da ciwon zafin fitsari ko da sau ɗaya a rayuwa. Yawan ba su magani da ka, ba tare da an kai fitsarin ɗakin gwaji an ga wace ƙwayar cuta ce ba, yana cikin abin da ya sa magungunan da ke aiki a da suka fara gazawa. Ga mata masu kuɓucewar fitsari in sun yi tari ko dariya bayan haihuwa, waɗanda galibi atisayen tsokar ƙugu kaɗai kan rage musu, amma sun ɗauka haka Allah ya yi su. Ga kuma masu yoyon fitsari da doguwar naƙuda ta huda musu mafitsara. Asibitin da likitoci Catherine da Reginald Hamlin suka buɗe a Adis Ababa a 1974 ya daɗe da nuna cewa mafi yawansu ana iya ɗinke su su warke, kuma tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da su kowace 23 ga Mayu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ƙaramin yoyo sabo wani lokaci yakan rufe da kansa in an saka roba da wuri an bar ta 'yan makonni. Robar nan dai da aka ce mana ta ƙare.

Game da kansar furostet ina da gyara ɗaya da gargaɗi ɗaya. Gyaran shi ne a daina kiranta kansar mafitsara a sanarwa da shirye-shiryen wayar da kai. Cututtuka biyu ne daban, alamunsu daban, maganinsu daban, haɗa su cikin suna ɗaya ruɗa mutane yake yi. A 2022 an samu sababbin masu ita kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya, ta kashe kusan 400,000, kuma wani kwamitin Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa adadin zai kai miliyan 2.9 a shekara nan da 2040. Baƙar fata ta fi kamawa: a Birtaniya ana lissafin namiji 1 cikin 8 zai gamu da ita, amma a baƙaƙen fata 1 cikin 4. A farkonta ba ta da wata alama, da yawa sai ta kai ƙashin baya suke zuwa. Ko a nan ba a rasa abin yi ba, domin tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa rage sinadarin mazakuta na kwantar da ita, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966.

Gargaɗin kuwa kan gwajin jinin nan ne na PSA, wanda ake yi don neman alamar kansar furostet. Na ga inda aka tara maza a rana ɗaya aka ɗebi jininsu, aka ɗauki hotuna, bayan mako guda aka miƙa wa kowa takarda da lamba a kai, shi ke nan. Lambar kan hau saboda kumburin da ba kansa ba, ko ciwon sanyin mafitsara, ko ma saka roba, finasteride kuma kan rage ta da kusan rabi. Wasu kansar ma tafiyar hawainiya suke yi, sa ido ya fi musu wuƙa. Wanda aka ce wa lambarsa ta hau, aka bar shi ba hoto, ba mai ɗibar tsoka a gwada, ba likitan da zai karanta gwajin, an ba shi fargaba ne kawai ya kai gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a buga gangar gwaji, a tabbatar akwai inda za a tura wanda nasa ya nuna wani abu.

Raunin mazakuta da rashin haihuwa ba zan tsawaita a kansu ba. Na farkon sau da yawa shi ne ɗan aiken ciwon suga ko toshewar jijiyoyin zuciya, na biyun kuma a kusan rabin ma'auratan da ke fama da shi akwai hannun namiji a matsalar. Duk ƙofar da asibiti ya rufe wa waɗannan mutane, masu tallan magani a intanet sun buɗe musu goma.

Na san abin da ke burge masu yanke kintinkiri shi ne manyan na'urori. Injin farfasa tsakuwar ƙoda daga waje, wanda aka fara amfani da shi a Munik ta Jamus a 1980, abu ne mai kyau. Haka tiyata da hasken leza, haka mutum-mutumin tiyata da Amurka ta amince da shi a 2000. Ba na ƙin ko ɗaya, in hali ya yi a saya. Amma na ga ɗakin da aka kulle na'ura mai tsada a ciki, ƙura ta rufe ledarta don babu mai gyara, a asibitin da sai da na fita da kaina na nemo jakar fitsari. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

An yi wa Baba aikinsa a ƙarshe. Kwana uku bayan nan aka cire robar, aka ba shi ruwa ya sha, muka zauna jira. Can ya tashi ya shiga ban ɗaki ya rufe. Da ya fito bai ce komai ba, sai ya miƙa wa nas kwanon awo da hannu biyu, yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Yanzu yana fita, yana kwana ba tashi sai sau ɗaya. Ƙodar ce dai ba ta koma yadda take ba, duk wata uku muna zuwa gwaji, kuma kowane zuwa gabana na faɗuwa kafin a karanta sakamako.

In kuna ganin na zuzuta, ga hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. Ɗayanku ya zaɓi dare ɗaya, ya ajiye motar ofis da 'yan rakiya, ya shiga sashen gaggawa na ƙaramin asibitin da ke ƙarƙashinsa wajen ƙarfe biyu. Ya ce mahaifinsa na cikin mota, fitsari ya ƙi. Ya nemi roba lamba 16, da man santsi, da jaka, da wanda ya iya sakawa. Sai ya duba agogo.

Naku cikin girmamawa,
Ɗan wani majiyyaci